Yadda na mai da mata uku mace ɗaya

Shugaban asibitinmu ya je taro Yamai, ya dawo da jaka mai tambari da kalma ɗaya a baki: zamanantarwa. Asibitin ƙarami ne, na ikilisiyarmu a Zinder, ni ne kuma mai kula da ordinata, wato duk abin da ke da waya a jiki, har firji, in ya lalace laifina ne. Muna da wata tsohuwar manhaja da ke riƙe da dosiyen marasa lafiya: wa ke da hawan jini, wace ce allura kaza ke kumbura mata fuska. Mummuna ce, amma ba ta taɓa ɓatar da mutum ba. Shugaba ya ce ta tsufa, ga wani kayan aiki an ba shi kyauta, shi zai juye ta zuwa sabuwa.

Kayan aikin nan ba shi da hoto, ba shi da wurin latsawa. Baƙin allo ne, ka rubuta masa umarni, ya ba ka amsa da jan rubutu. Ranar farko ya ce wani ɓangarensa tsoho ne, sai na sauko da sabo. Na kai rabi aka ɗauke wuta. Rana ta biyu ya ce ba ni da izini, a kan ordinatar da ni na ɗaure mata fanka da waya. Na shiga intanet neman mafita, na tarar wani ya yi tambayar nan tuni, daga ƙasa ya rubuta cewa ya gyara, ya gode, bai faɗi yadda ya yi ba. Ban san mutumin nan ba, amma har yau ina jin haushinsa.

Sai muka zo kan ranar haihuwa. Yawancin tsofaffin da ke zuwa mana daga Hamdara da Droum da Zermu, takardarsu shekara kawai take nunawa, ita ma "wajajen" aka ce. Tsohuwar manhaja tana karɓa haka nan. Sabon malamin, wato kayan aikin nan, ya ƙi, sai an ba shi rana da wata. Na yi abin da kowane biro, wato ofis, ke yi a ƙasar nan, na ba kowa ɗaya ga Janairu. Jan rubutu ya koma kore, na ji kaina ya yi girma.

Daga nan ya ce ya ga mutane da aka rubuta sau biyu, sau uku: suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Ya tambaye ni, ya haɗe su? Ni da aka haifa a Damagaram, na san sunayenmu ba su da yawa, zagayawa suke yi gida gida. Na kuma san wa ya ba su ranar haihuwar. Duk da haka na ce i, don kwana biyar ke nan yana ƙina, yau ya nemi shawarata.

Bayan sati biyu Majo, babbar ma'aikaciyar jinyarmu, ta shigo birona da takarda.

"Ɗana, zo ka gaya mini. Matar nan an cire mata mahaifa, ga shi kuma an auna mata ido a Droum ran da take kwance a nan. Mutum nawa ce?"

"Mama, na'ura ce ta…"

"Na'ura ta san su ne? Kai fa ka san su."

Kunya ta kama ni. Da sauƙi, dama na ajiye kwafin tsohon dosiye, sai na zauna ina raba mutane da hannu. Shugaba yana leƙowa yana tambaya ko zamanantarwar ta kammala, don yana son rubuta rahoto.

Abin da aka shigar cikin sati biyun nan ne ya gagara, don babu shi a tsohon kwafi. Yawanci Majo ta tuna na wane ne. Saura awon jini guda ɗaya, sukari ya hau sosai, irin wanda ba a barin mai shi ya koma gona haka nan. Mata uku ne aka haɗe a cikin dosiyen, dukansu sun zo a sati ɗaya, ba wanda ya san na wace ce.

Muka aika a kira su. Biyu suka zo, ɗaya tana ta faɗa don an raba ta da cirar gyaɗa. Aka sake aunawa, lafiyarsu lau. Ta ukun tana wani ƙauye ne can bayan Zermu. Direban motar kasuwa ya kai saƙo, ya dawo ya ce mata huɗu ke amsa sunan nan a garin, dukansu sun ce lafiyarsu ƙalau, sun gode, a gai da likita.