Itacen da Almu Yake Tsallakewa

Almu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka duk abin da na faɗa a kansa ya zauna, ko gaban hakimi ya kai ƙara dariya za a yi masa. Shi ne maigadin firamaren garinmu, nan gefen hanyar Fakku, yau shekara ashirin da 'yan kai. Abin da yake gadi kuwa Allah kaɗai ya sani, domin makarantar ba katanga, ba ƙofa, tagogin ma sun daɗe da bin iska. Ɓarawon da ya ɓata hanya ya shigo sai dai tausayi ya kama shi ya ajiye musu alli ya wuce.

Mutum ne dogo siriri, kamar karan dawar da aka manta a gona bayan girbi, ga hula guda ɗaya da ta sallami hedimasta biyar tana nan daram. Da safe idan ya ɗauki guntun ƙarfe ya maka wa tsohon ƙarfen tayar motar da ke rataye, ana ji har Kebbe, jakunan unguwa su amsa masa gaba ɗaya. Amma wannan duk aikin gwamnati ne. Aikin da Almu ya ɗora wa kansa daban ne.

Lokacin da ya kama aiki filin makarantar fetal yake, ko inuwar da kaza za ta fake babu. Da bazara yara na tsaye a layi sai ka ga ɗaya ta sulale ƙasa. Almu ya hau bayan babur ya tafi Tambuwal, ya dawo rungume da 'ya'yan dogon yaro a ledoji, ya kafa dokar da ba wanda ya sa shi. Duk yaron da ya shiga aji ɗaya zai dasa itace guda, kuma kowace safiya zai zo da gorar ruwa ya ba shi. Wanda ya zo hannu wofi ba ya shiga. Ba ƙofa dai, amma Almu yana tsaye daidai inda ya kamata ƙofar ta kasance, kuma ba a taɓa samun yaron da ya yi ƙarfin halin zagaye shi ba. Itace kuma sunan mai shi yake ci.

Da yawa sun mutu. Awaki sun ci rabonsu, shanun da ke ratsawa da rani sun taka nasu. Wajen sittin suka tsira, suka girma, har makarantar ta zama wurin da masu zuwa kasuwa ke tsayawa su sha iska. Sunayen kuwa ba a rubuce suke ko'ina ba, suna cikin kan Almu, ƙarƙashin hular nan. Duk farkon shekara sai ya tasa sababbin 'yan aji ɗaya gaba yana zagayawa da su, yana dafa kowane itace kamar mai gaisawa a masallaci.

"Wanga Aminullahi ne, shina Legas wurin albasa. Wagga Hamdiya ce, an kai ta Sanyinna, ɗiyanta fuɗu. Ku gaishe ta."

Yara su gaishe da itace, su tuntsire da dariya. Matarsa Tambaya takan ce da ita ma itace ce da ta samu gaisuwar safe.

Guda ɗaya ne yake tsallakewa. Yana bayan aji biyu, ya fi kowane tsawo, miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare. Idan zagaye ya iso kansa sai Almu ya tuna da tari, ko ya hango akuyar da ba ta nan, ya wuce na gaba. Yara ba su taɓa lura ba.

Itacen Khairiyya ne, 'yarsa ta fari. Kowa a ƙasarmu ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. Almu kuwa ya ɗauki kunyar nan ya kai ta inda ko kakanninmu ba su kai ba. Ana yaye yarinyar aka kai ta gidan kakanta Baba Bube, mahaifin Tambaya, can ta tashi. Ranar da aka kawo ta makaranta ya miƙa mata ledar itacenta yana kallon sama. Idan dole ta kama ya yi mata magana sai ya ce "ke yarinyar gidan Bube". Idan ta makara ita ce ke fara shan tsawa, don kada a ce.

Yarinya ce ƙarama, gorarta ma ƙarama, kuma rabin ruwan a hanya yake zubewa saboda tsalle-tsalle. Bayan an tashi, fili ya yi shiru, Almu yakan ɗebo bokiti guda daga rijiya ya zuba wa itacenta, ya baje ƙasa a kai da ƙafa don kada a ga danshi. Iyakar abin da ya taɓa yi mata ke nan.

Tana aji biyu sanƙarau ya shigo gari da zafin bazara. Kwana uku ta yi. A wurin zaman makoki Almu ya zauna can gefe yana amsa gaisuwa kamar 'yar maƙwabci ce ta rasu, ko idonsa bai yi ja ba, dattawa suna yaba masa. Washegari ya buga ƙarfe a kan lokaci. Bokitin nan kuwa bai fasa ba, shekara goma sha bakwai, rani da damina, har ranar da aka kwana ana ruwa. 'Yan ajinta suka watse, matan aka yi musu aure a wasu garuruwa, mazan suka bi ci-rani. Tun da bakin da ke riƙe da sunaye ba ya faɗin wannan, sai sunan ya ɓace daga filin. Tambaya ta sani, amma ita ma uwar fari ce, bakinta a ɗaure yake.

Bara, da iskar farkon damina, rufin aji biyu ya tashi sama gaba ɗaya ya sauka a gonar gero. Hedimasta Malam Nuraddeen, baƙo ne da bai cika shekara biyu da zuwa ba, ya rubuta takarda ya aika sama, ya sake rubutawa, shiru. Yara suka koma karatu ƙarƙashin itatuwa, hadari na haɗowa a kore su gida. Da abin ya ishi mutane aka taru bayan sallar Juma'a aka yanke shawarar gayya: a tsinto tsofaffin kwanukan a miƙe su, a samo itace a mayar da rufi. Aka tsaya kan inda za a samu itacen da gara ba za ta cinye ba. Almu, wanda ba ya iya jin an ambaci itace bai sa baki ba, ya miƙe ya yi wa jama'a lacca cewa duk duniya ba itacen da gara ke tsoro kamar dogon yaro. Bai gama zama ba ya ga kowa ya juyo yana kallonsa.

Aka yi yarjejeniya cewa rassa kawai za a sara, kuma shi zai nuna.

Ranar Asabar tun da hantsi bai yi ba fili ya cika. Mata sun kafa tukwane gefen rijiya, ana daka, ana dama fura. Dattawa sun shimfiɗa tabarmi a inuwa, Baba Bube a tsakiya da sandarsa, idonsa ya yi rauni amma kunnensa na jin motsin tururuwa. Ɗan'iya makaɗi ya rataya ganga. Wanda ya san gayya ya san idan ganga ta fara wasa samari, gatari ba ya jin magana. Sirajo sarkin samari ya hau itace kamar biri, rassa suna zubowa, Almu na bin su a ƙasa yana ba kowane itace haƙuri da sunansa.

Komai ya tafi daidai sai da kafinta Mu'awiya ya auna tsawon ajin da igiya. Ya ce rassan nan za su yi gefe da gefe, amma rufin yana son doguwar sanda guda a tsakiya, mai kauri, wadda ba a haɗa ba, in ba haka ba iska ta gaba za ta sake kai shi gonar gero. Ya ɗauki igiyarsa yana bin itatuwa, yana ɗaga kai, yana girgizawa. Wannan ya karkace, wancan ya rabu biyu tun daga ƙugu. Almu na biye da shi. Mu'awiya ya zagaya bayan aji biyu ya tsaya, ya bubbuga itacen da tafin hannu, ya ce wannan kamar don aikin aka shuka shi.

Almu ya ce akwai zuma a sama. Sirajo ya leƙa ya ce ko ƙuda babu. Almu ya ce cikinsa rami ne, Mu'awiya ya buga da bayan gatari, itace ya amsa da ƙarfi. Almu ya ce to a ɗauki Aminullahi, a ɗauki Hamdiya, a haɗa biyu a ɗaure da waya. Har cewa ya yi ya sha jin motsi a gindinsa da tsakar rana, wurin ba na wasa ba ne. Samari suka fashe da dariya.

"Baba Almu, ko nan ka binne tukunyar tsufanka?" in ji Sirajo. "Faɗa muna mu tona mu raba."

Ɗan'iya ya ɗauki zancen ya sa a ganga. Malam Nuraddeen ne kaɗai ya lura Almu ba wasa yake yi ba. Ya ɗaga hannu aka tsagaita kiɗa, ya tako har gabansa, ya yi magana da ladabi, amma a fili, kowa na ji.

"Baba, kai ka san iccen nan duka. Wanga na wane ne? In da dalili ka faɗi, wallahi sai mu bar shi mu nemi wata dabara."

Kalma ɗaya ake nema. Almu ya dubi tabarmar dattawa, ga surukinsa ya karkato kunne, ga liman, ga mai unguwa, ga mutanen da suka yaba masa ranar makoki. Can gefen rijiya taɓaryar Tambaya ta daina sauka a turmi. Tun ranar suna Almu bai taɓa furta sunan nan ba, ko shi kaɗai a ɗaki.

"Ba na kowa ba ne," in ji shi.

Ganga ta ci gaba. Samari huɗu suka kewaye itacen suna karɓa-karɓa, ɓawo na tashi. Almu bai tafi ba. Shi ya kore yara daga inda zai faɗi, shi ya riƙe ƙarshen igiyar da aka ja. Da itacen ya kwanta ƙasa ta girgiza, aka yi guɗa, Mu'awiya ya duba gindin ya ce bai taɓa ganin dogon yaron da ya ƙoshi haka ba, kamar wanda ake ba fura. Tambaya ta ce hayaƙi ya shigar mata ido, ta bar wa wata tukunyar ta tafi gida. Ni ranar ina kasuwar Jabo, daga baya aka ba ni labari. Taubashi ba ya jin kunyar kowa, da ina nan da na faɗi sunan da ƙarfi an wuce wurin.

Kafin la'asar rufi ya hau. Aka ci tuwo, liman ya yi addu'a, aka sa wa Almu albarka ta musamman saboda ya ba da itacen da ya fi kowane kyau ba tare da gardama ba. Ya shafa.

Rufin yana nan, ko ɗigo ba ya yi. Damina ta wuce yara suna karatu a bushe, sandar nan na bisa kansu. Almu ya ɗauke wa 'yan aji biyu shara, shi yake yi da kansa, kuma yakan daɗe a ciki fiye da yadda shara ke bukata. Kututturen ya yi toho sau biyu, sau biyu awaki suka cinye. Ya kewaye shi da ƙaya, yana zuba bokitinsa, yanzu ba ya baje ƙasa a kai. Hular ta yi masa yawa. Ƙarfen safe ma in ya buga, da ƙyar ake ji a bakin kasuwa.

Bana da aka ɗauki sababbin 'yan aji ɗaya ya tasa su gaba kamar kullum. Aka gaishe da Aminullahi, aka gaishe da Hamdiya mai guntayen hannuwa. Da aka zo bayan aji biyu ya fara tarinsa zai wuce, sai wata 'yar ƙarama mai suna Mu'minatu, gorarta na yoyo a kan ƙafarta, ta tsaya gaban ƙayar ta ƙi motsi. Ta tambaye shi wannan guntun fa, shi ba shi da suna ne?

Almu ya sunkuya ya gyara ƙayar.

"Na wata ne," in ji shi. "Ta yi aji biyu."

Yarinyar ta juye sauran ruwan gorarta a kai, ta ruga ta bi 'yan uwanta. Shi kuma ya dafa itace na gaba ya kira sunansa.