Kunkuru a filin Baba Ilu

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba muka tashi daga Gagarawa, mu uku: ni, da yayana, da wani bakanike abokinmu. Bayan motar gyaɗa muka hau, muka zauna a kan buhuna. Abu biyu suka fito da ni. Ina so in sayi mota da ƙarin albashin da aka ba mu, ina kuma so in gwada abin nan da samarin ma'aikata suke yayi yanzu, a keɓe wuri rana guda kowa ya zo ya gwada gudun motarsa.

Shi Yaya ba da son ransa ya biyo ni ba, Inna ce ta ce ya je ya sa mini ido. Motar ɗaukar masu rauni ya tuƙa lokacin yaƙin basasa, kuma tun da ya dawo bai sake taɓa sitiyari ba. Noma ya kama. Ba ya zancen, mu ma ba ma tambayarsa.

Hanyar Gumel yashi ce da ramuka. Direbanmu da alama bai gama yarda cewa an koma tuƙi ta dama ba, tsakiyar hanya ya kama har muka isa. A tasha muka karya da koko da ƙosai na kobo biyar-biyar, sannan muka tafi ganin motoci.

Ta farko ta wani ɗan kwangila ce, doguwa, fara sol, ƙirar Faransa. Da aka tayar da ita na ji ƙarar injin har cikin ƙirjina, a raina na riga na saya. Bakanike ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe, ya fito yana goge hannu. Ya ja ni gefe ya ce, “Malam, wannan ta taɓa faɗuwa. An yi mata walda a ciki, man birkinta kuma ɗiga yake yi.”

Ta biyu kunkuru ce, irin mai inji a baya, ta wani tsohon magatakarda. Fentinta ya koɗe, ƙofar hagu sai an ɗaga take rufuwa. Amma tayoyinta sababbi ne, birkinta yana kamawa nan take. Na tsaya ina kallonta ina tunanin dariyar da za a yi mini a ofis. Yaya ya zagaya ta sau ɗaya, ya taɓa tayar gaba da ƙafa, ya gyaɗa kai. Ita na saya.

Washegari Alhamis muka nufi Maigatari, ranar kasuwa. Raƙuma da shanu da tumaki sun cika ko'ina, ga mutanen Damagaram suna ciniki rabi da naira rabi da sefa. Na ci dogon burodin nan nasu da tsire, na sha fura mai kyau a hannun wata Bafulatana. Dabbobi sun yi tsada sosai, kowa ka tambaya sai ya ce farin da aka yi ne ya cinye garke.

An kwatanta mana wani Alhaji mai motocin haya da ke shirya tsere a bayan gari. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mana shayi. Na tambaye shi ƙa'idar abin, ya ce naira biyu ce kawai. Na ce wa ke duba motoci? Ya yi dariya ya ce ai kowa ya san motarsa. A kan hanyar da jama'a ke bi ake yi, motoci huɗu a jere. Ban ɓoye muku ba, hannuna yana cikin aljihu sa'ad da Yaya ya ce, “Mu fara kallo tukuna.”

Zagaye na biyu abin ya faru. Wani dattijon Bafulatani ya ɓullo daga kasuwa yana jan karsana, mota ta gaba ta kauce, ta biyu ta same ta. Mutum bai ji rauni ba, amma sai yanka ta aka yi a wurin. Dattijon ya tsuguna kusa da ita, bai yi faɗa ba. Ya ce shanunsa duka sun tafi a farin nan, tumakinsa ya sayar yau ya sayi wannan don ya sake farawa. Aka nemi Alhaji aka rasa. Mu da wasu muka tsaya har mahauta suka saye naman, muka ƙara masa ɗan abin da ya sawwaƙa.

A Gumel muka kwana biyu. Na so mu koma gida, amma bakanike ya ce akwai wani Baba Ilu a Sule Tankarkar, tsohon direban En'e, shi ma yana shirya nasa ranar Asabar, mu je ko kallo ne.

Filin Baba Ilu wani fako ne da ya roƙa wurin dagaci. Shi da kansa ya tumɓuke kututture, ya jera ganguna a kowace kwana. Kwana uku kafin ranar ya zagaya rugagen da ke kusa ya gaya musu, ga ma wasu Fulanin sun zo kallo, suna tsaye bayan igiya. Mota ɗai-ɗai ke shiga, shi yana riƙe da agogo. Motoci bakwai suka zo, ya duba kowace da hannunsa, ya sallami biyu. Ɗaya daga cikin masu su ya yi ta roƙo, Baba ya ce, “Ɗana, gyara birkinka ka dawo wata mai zuwa. Filin ba inda zai je.”

Dokarsa ita ce sabon shiga ba ya gudu shi kaɗai, sai da wanda ya iya a gefensa. Ya dubi Yaya, na ga kamar daga tsayuwarsa ya gane. Ya ce, “Kai direba ne.” Yaya ya ce da can. Baba bai tambayi dalili ba, ya miƙa masa hular kwano ya ce, “Zama kawai za ka yi. Ƙaninka ne.”

Zagayen farko na tafi kamar mai kai ƙwai kasuwa. A na biyu na ji daɗi na taka, na shiga kwana ban rage ba, bayan motar ya juya muka tsaya cikin lallausan yashi, hancinmu yana kallon inda muka fito. Ashe da gangan Baba ya bar yashin a wurin. Sai na ji muryar Yaya a natse: “Birki kafin kwana, ba a cikinta ba. Ka dubi inda za ka fita. Tayar.” Na tayar. Haka ya yi ta gaya mini, nan rage, nan saki, har na gama. Ni na zo na ƙarshe a cikin biyar.

Da la'asar, an watse ana shan fura, Yaya ya je wurin Baba suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sai ya zo ya miƙo mini hannu, na ba shi makulli. Ya daɗe zaune a ciki bai tayar ba. Baba ya mayar da agogonsa aljihu. Yaya ya yi zagaye ɗaya a hankali, na biyu motar tana shiga kwana kamar an zana mata layi. Da ya fito idonsa ya yi ja. Abin da ya ce kawai shi ne giya ta uku tana ɗan cijewa.

Ranar Lahadi muka koma Gagarawa, shi ya tuƙa mu tun daga Gumel. Bai wuce gudun da keke zai iya binmu ba a cikin garuruwa, ya tsaya wa kowane garke.

Ga duk mai sha'awar wannan abu, abin da na koyo kaɗan ne. Kada ka sayi mota sai wani ya shiga ƙarƙashinta. Kada ka ba da kuɗinka ga mai shirya gudu sai ka ga ya taɓa mayar da wani gida, ka kuma tambaye shi wa ya gaya wa makiyaya. Ni dai na tafi neman gudu, na dawo da mota mai karkatacciyar ƙofa da matsayi na ƙarshe. Jiya da safe kuma Yaya ya aiko a ba shi makulli, zai kai wata maƙwabciyarmu asibitin Gumel.