Sawun Kawu Tanimu na Uku

Ranar Alhamis ce. Na farka a ɗakin Inna, a kan tabarmar da na girma a kanta. Ana daka a gidan maƙwabta. Mako bakwai ke nan rabona da kwana a gida. Inna tana tsakar gida tana dama kunun gyaɗa, Baba yana gindin mangwaro yana wasa bakin daginsa. Ya ce doyar gonar gabas ta isa haƙa, in akwai wuri a motar aikinmu zai ba ni in kai wa Yaya Sule a Lafiya. Ƙarfe bakwai saura kwata ya rataya gorarsa ya fita. Ban raka shi ko ƙofar gida ba. Ina ɗaki ina neman ɗankwalina.

Sunana Asabe. Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, Lafiya kuma tana cikin Jihar Filato. Na gama sakandare, ina zaune gidan Yaya Sule ba aiki, sai faɗa ya ɓarke a garuruwan da ke gabas da mu, mutane suka fara kwararowa da ƙunshin kaya a ka. Wata ƙungiyar agaji ta nemi 'yan sa-kai. Na ba da sunana.

Mu uku ne a motarmu, wata farar a-kori-kura. Kawu Tanimu ne direba, dattijo mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana. Ba danginmu ba ne, kowa dai Kawu yake ce masa. Sai Sista Doose, ma'aikaciyar jinya, 'yar Tibi, wadda ta girme ni da kusan shekara goma. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” take ce musu. Ni ce mai rabon masara da barguna, kuma ni ke haɗa wa marasa lafiya ruwan gishiri da sukari.

Litinin mu bar Lafiya, Asabar mu dawo. Yau Ashige, gobe Assakio, jibi wani ƙauye da ko sunansa ban taɓa ji ba. Mun kwana a ajin firamare, mun kwana a coci, mun kwana a zauren mai unguwa. Hanya ta koya mini tsoro tun ban ga komai da idona ba. Labarin da mata ke ba ni a layin masara ya ishe ni. Na koma kwana da takalmi a ƙafa. Kawu Tanimu kuwa duk inda muka sauka sai ya juya kan mota ya fuskanci hanyar fita kafin ya kashe ta.

A makon nan zagaye ya kawo mu Kurmin Tagwaye, garinmu, tafiyar kamar awa huɗu a ƙafa daga Assakio. 'Yan gudun hijira sun cika ajujuwan firamaren da na yi karatu. Da muka isa ranar Laraba mun tarar da mutum uku gudawa ta kwantar da su: tsofaffin mata biyu da wani magidanci. Sista ta ce a raba su da jama'a. Ni na kai su ɗakin ajiyar kaya da ke bayan ofishin hedimasta, na shimfiɗa musu tabarmi, na ja musu ƙofa saboda ƙuda. Kula da su aikina ne.

Ƙarfe takwas na ba su ruwansu. Takwas da rabi na fara rabon masara a filin makaranta.

Tara da minti ashirin na ji ƙarar farko. Kamar ana buga kwanon rufi da sanda daga nesa. Sau uku, sai shiru. Na ɗauka wani ne ke gyaran ɗaki. Matan da ke layi ba su ɗauka haka ba. Ba wadda ta yi magana. Sun ajiye kwanukansu a ƙasa, suka fara goya 'ya'yansu, suna ɗaure zani da ƙarfi. Wannan shirun nasu ne ya sa mudu ya faɗi daga hannuna.

Ƙarar ta dawo, ta matso. Hayaƙi ya tashi ta gabas, ta wajen gonakinmu.

“Ku sauke buhuna!” Kawu Tanimu ke nan. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. “Yara da tsofaffi kawai!”

Maza suka ture buhunan masara ƙasa. Ni kuwa na ruga gida. Na tarar da Inna tsaye a ƙofa tana kallon gabas, ludayi a hannunta. Ta ce ba inda za ta sai Baba ya dawo. Na ce zai bi ta rafi ya same mu a Assakio. Ban san haka ba, na dai faɗa. Ta riƙe ƙyaure. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya na ja ta. Ban taɓa sa wa mahaifiyata ƙarfi ba kafin wannan rana.

Goma saura kwata muka isa makaranta. Mota ta cika har kan murfin inji. Kawu Tanimu ya sauke akwatin kayan gyaransa, ya zaunar da Inna a wurin. Ya ce mu kada mu bi titi, mu shiga gonaki mu miƙe yamma, zai dawo. Mota ta tashi tana rangaji. Harsashi ya bugi rufin aji na biyu, yaran da suka rage suka watse suna ihu.

Muka shiga dawa, mu kamar talatin. Dawar ta fi mu tsawo. Ganyenta yana yankan fuska. Sista tana gabana da akwatin magani a ka. A bayanmu ana ta harbi, wani ƙarami, wani mai nauyi da ake ji a ƙirji. Daga baya muka fara jin ƙarar wuta tana cin rufin ciyawa, da kukan awakin da aka bari a ɗaure.

Goma da rabi mutumin da ke gaba ya ɗaga hannu.

“Ku kwanta!”

Muka kwanta tsakanin kunyoyi. Ƙasar tana da laima, tururuwa suna hawan wuyana, ban motsa ba. Wasu maza suna wucewa ta hanyar gona, bai fi taku ashirin ba tsakaninmu. Ban ga fuskar kowa ba. Na ga ƙafafu, na ga bakin adda yana kaɗa ciyawa. Suna magana a hankali, ɗaya har yana dariya. Da Hausa suke magana, irin wadda kowa ke yi a kasuwa. Har yau in an tambaye ni su waye, abin da na sani ke nan. Matar da ke kusa da ni ta cusa wa jaririnta nono, ta dafe kansa. Fitsari ya zubo mini. Ban ji kunya ba.

A nan kwance, fuskata a ƙasa, na tuna ɗakin ajiya.

Ba wanda ya san suna ciki sai ni da Sista, ita kuma ta ɗauka na fito da su. Na wuce ƙofar ɗakin sau biyu a guje, zuwa gida da dawowa. Ban ko kalle ta ba.

Da mutanen suka wuce na kasa tashi. Na gaya wa Sista. Ta dube ni. Ta kama hannuna ta miƙar da ni.

“Tashi. Kai ba zai mutu a nan ba.”

Muka ci gaba. Muka tsallaka fadamar shinkafa, ruwa har gwiwa. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, ban tsaya ba. Wani tsoho da ya ƙi shiga mota don a sa jikokinsa ya zauna a gindin ɗorawa, ya ce mu je. Maza biyu suka ɗauke shi a kafaɗa, yana zaginsu.

Sha biyu saura muka ɓullo titi, kusa da wata ƙaramar gada. Motarmu tana tsaye a wurin. Kawu Tanimu ya sauke sawun farko a Assakio, ya dawo yana kwasar waɗanda ƙafarsu ta gaza. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce Inna tana lafiya, tana masallacin bakin tasha. Ya ce daga wannan sawun ba zai ƙara ba, don mai ya yi ƙasa kuma garin ya riga ya kama.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Na ce masa akwai mutum uku a ɗakin ajiya.

Ya tambaya ko za su iya tafiya. Na ce a'a. Ya tambaya ko an kulle ƙofar. Na ce ja kawai na yi. Ya juya ya kalli hayaƙin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce bari ya sauke waɗannan tukuna. Aka sa tsohon nan a gaba, aka cika baya da mata masu goyo. Ni da Sista da sauran masu ƙarfi muka bi gefen titi.

Ƙarfe ɗaya da minti goma na ji injin motar. Na san ƙararta ko cikin motoci ɗari, salansarta a fashe take. Ta taho daga Assakio ba kowa a ciki sai shi. Na fita tsakiyar titi ina ɗaga hannu. Ban san me zan ce masa ba, ko ya tsaya, ko ya tafi da ni. Ya kauce mini, ya yi hon sau biyu, ya wuce. Na tsaya ina saurare har ƙarar ta ɓace.

Wajen ƙarfe biyu muka tarar da samarin wani ƙauye sun gitta itace a hanya. Suna riƙe da adduna da kwari da baka. Idanunsu jajur. Su ma tsoro ne ya fito da su.

“Kowa ya zauna! Kowa ya yi yarensa!”

Suka fara bin mu ɗaya ɗaya. Ban san wane yare suke nema ba, na kashewa ko na bari. Kafin su iso kanmu Sista ta lura da ɗaya daga cikinsu, ya ɗaure dantsensa da tsumma, jini yana ɗiga. Ta sauke akwatinta, ta buɗe, ta yafito shi da hannu kamar tana asibiti. Ya zo ya durƙusa. Ta wanke ciwon, ta ɗinke. Ni na riƙe mata kwano. Da ta gama suka ja itacen. Ba wanda ya ƙara tambayarmu yare. Sai da muka yi nisa ta shiga ciyawa ta yi amai.

Uku da rabi muka shiga Assakio. Na sami Inna a inuwar masallaci, ludayin yana hannunta har lokacin. Ta kalli bayana. Ta ga ba kowa. Ba ta tambaye ni ba.

Na koma bakin titi na zauna. Aka kira la'asar. Mutane suna ta isowa, wasu a ƙafa, wasu a keke, wani a cikin baro. Duk wanda ya fito daga wajen garinmu na tare shi. Ba wanda ya ga Baba. Wata mata ta ce ta ga farar mota ta shiga gari. Ba ta ga fitarta ba. Duk injin da ya taso daga nesa sai in miƙe. Aka kira magariba. Sista ta zo ta ɗora mini bargo, ɗaya daga cikin waɗanda nake rabawa, ta zauna kusa da ni.

Washegari wata babbar mota ta kwashe mu zuwa Lafiya.

Sai bayan kwana tara sojoji suka raka maza zuwa Kurmin Tagwaye. Yaya Sule yana cikinsu. Ya sami Baba a gonar gabas, tsakanin kunyoyi. Ya riga ya haƙi doya goma sha ɗaya, ya jera su a inuwa. A nan suka binne shi. Gidanmu bango kawai ya rage.

Motar kuma sun same ta a mashigin rafi, bayan gari kaɗan, a ƙone. Kanta yana fuskantar Assakio. Mutum uku ne a bayanta, a jere, a kan abin da ya rage na tabarmi. Kawu Tanimu ya kai gare su. Shi kaɗai ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar direba a buɗe take. An bi rafin sama da ƙasa kwana biyu, ba a gan shi ba.

Bayan arba'in ɗin Baba na koma aiki. An ba mu wata mota da wani direba. Na yi shekara biyu a hanya bayan nan, ni da Sista.

Kafin in koma na je gaida matar Kawu Tanimu, Iya Mairo. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. 'Ya'yansu biyar ne, ƙaramar tana rarrafe. Na gaya mata komai, har maganar da na yi masa a bakin gada. Ta saurara har na gama, tana tsince wake a faifai. Abu ɗaya ta tambaye ni: ko ya karya kumallo a ranar.

A makaranta ya kwana, cikin mota. Ni ina gida. Ban sani ba.

Na ce mata ya karya.