Karkatattun Ƙarafan Ismaghil

Ismaghil maƙeri ne a kasuwar Arlit. Da can makiyayi ne a wajen Gougaram, fari ya cinye masa dabbobi, ya shigo gari ya koyi yankan ƙarfe. Tsoffin ƙarafa yake sarrafawa, waɗanda ke bin hannun dillalai daga wuraren haƙar ma'adinin uraniyom har su iso rumfarsa.

Yana da yadda yake kiran kayansa. Abin da bakinsa da gindinsa suke zagaye iri ɗaya, ganga ce. Mai faɗin baki da tsukakken gindi, mazurari. Mai kusurwa, akwati. Daga nan sai ya ɗaura dutse a zare ya sake shi daga tsakiyar bakin. In dutsen ya sauka a tsakiyar gindi, abin tsayayye ne. In ya kauce gefe, sai ya ƙara kalma ɗaya a gaban sunan: karkatacciyar ganga, karkataccen mazurari. Tsayayyu ke da kasuwa, da su ake tukwane da mazubin ruwa. Karkatattu ba mai taya su, ruwa ba ya zama daidai a cikinsu, saboda haka gida yake kwasar su. Matarsa Aminatu takan ce ya mayar mata da gida asibitin ƙarafa masu ƙusumbi, amma kowanne sai ta samo masa aiki.

Wata safiya Zayyadu, ma'aikacin wata ƙungiya ta garin, ya zo da na'urar da ke yin ƙara idan gubar ma'adini ta maƙale a ƙarfe. Ya bi kayan rumfar ɗaya bayan ɗaya, na'urar ba ta ce komai ba. Ismaghil ya saki jiki, ya ɗora shayi, har ya tsokane shi da cewa irinsu Damagarawa ba sa yarda da tukunya sai sun yi mata tambayar kabari. Zayyadu ya yi dariya, ya tambaya ko akwai sauran kaya a wani wuri. Ismaghil ya ce babu, sai karkatattun da ba a saye.

Zayyadu ya ajiye kofinsa. Ya yi masa bayani a hankali cewa ba a karkata ƙarfe a banza. Sau da yawa ana yin haka ne don niƙaƙƙen dutsen ma'adini ya gangara ta ciki, kuma irin waɗannan ya fi tsoro.

"Suna ina, Baba?"

"Gida."

Suka kama hanyar gida. Tunanin Ismaghil yana kan abu ɗaya. 'Yarsa Nusaiba ta dawo gida goyon cikin fari, kuma tun da cikin ya yi nauyi ba ta da wurin zama sai jikin wani karkataccen akwati, domin gangaren gefensa ya yi daidai da bayanta. Shi da kansa ya jawo mata shi inuwa, ya shimfiɗa bargo a kai.

A jikin akwatin suka same ta, tana tsince shinkafa. Zayyadu ya fara da gangar gawayi, shiru. Mazurarin da ke bakin madafa, shiru. Da ya nufo inuwar, na'urar ta soma ƙara tun bai taɓa bargon ba.

"Hajiya, sa ta tashi," Zayyadu ya ce wa Aminatu, bai ɗaga murya ba.

Nusaiba ta miƙe da ƙyar, tana duban mahaifinta, ya kasa haɗa ido da ita. Ya tambayi Zayyadu abin da ke cikinta, lafiya yake? Zayyadu ya ce na'urarsa ƙarfe take aunawa, ba ta san ciki ba, kuma ba zai faɗi abin da bai sani ba. A kai ta wurin likita yau, a gaya masa tun yaushe take zama a nan. Ya hana kowa taɓa akwatin har abokan aikinsa su zo su ɗauke shi.

Aminatu ta shiga ɗaki ɗauko mayafi. Ismaghil ya fita bakin titi neman mota, ta farko ta wuce bai iya tsayar da ita ba.