Likeke, Ka Tafi Ba Mu Gama Ɗaure Bishiyoyin Ba

Ranar Talata, tara ga Afrilu, ina cikin dama poi, kunun gwazarmu, Pualei ta aiko cewa mijinta ya cika. Kai ke nan, Likeke, ƙanin mijina, abokin tsokanata shekara arba'in da bakwai. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Ka san dalili. Kogon nan ne na ƙarƙashin gonarku a Puna, nan tsibirin Hawaii, da 'yan ƙwarin cikinsa da ka ɗauka kamar dangi. Farare fat, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ba ido, fiffiken ma na ado ne. Abincinsu ɗaya, ruwan saiwar bishiyar ohiya da ta huda rufin kogon ta sauko. Ka ce namijin yakan kaɗa saiwa, macen ta ji ta amsa.

Na ce, "Sun fi ka dabara. Kai sai da na kai wa Pualei saƙonka sau uku."

Ka ce, "Yaya, ke dai riƙe ƙyallenki."

Haka muke aikin. Kana cikin kogon kana ƙwanƙwasa rufi da sanda inda saiwa ta sauko, ni ina sama, kunne a ƙasa, ɗuwawu a sama, in ɗaura jan ƙyalle a bishiyar da ke ciyar da su. Ban taɓa shiga ba, duhu nake tsoro, ba ka kuma taɓa tona min asiri ba. Da yayanka ya rasu, kai ka gyara min rufi, kowace Asabar ga kifinka a ƙofata.

Yanzu ɗanka Kanoa ya kira katafila ta zo ranar Litinin, zai share gonar ya dasa kofi. Ba mugu ba ne, iyali gare shi, kuma ya yi alkawarin barin duk bishiya mai ƙyalle. Sai dai rabi muka ɗaure, Likeke. Sauran in suka faɗi, na ƙasa yunwa za ta gama da su, ba mai jin kukansu.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, har ƙaryar girman kifin da kake kamawa. Ya ba Pualei da Kanoa da jikoki haƙuri.

Jiya na ce da Kanoa, "Ɗan nan, gobe ka zo da ƙyalle, ka kasa kunne a ƙasa."

Ya ce, "Wa zai ƙwanƙwasa, Goggo?"

Na ce, "Nemo min fitilar ubanka."