Shirun da Aka Kira Tsafi

A gaban jama'a wani mutum ya kira ubana matsafi, bayan shekara uku kuma ya tsaya yana wa'azi da abin da ya zage shi a kai. Wannan har in shiga kabari ba zan manta ba.

Lokacin ina gadin wani sito a Jebel Ali, can ƙasar Larabawa. Mu 'yan tsirarun Kiristocin Arewa mukan taru a wani falo a unguwar International City ranar Juma'a, don ita ce ranar hutu a lokacin. Shugabanmu injiniya ne mai digiri biyu. Ni aji uku na sakandare na tsaya.

Marigayi babana katikis ne, mai koyar da addini a cocin ƙauyenmu. Wani tsohon fada, limamin coci, ya koya masa addu'ar da sufayen Kirista suke yi tun shekara ɗari shida da suka wuce: ka zauna shiru, ka riƙe gajeriyar kalma ɗaya, ka sallami kowane tunani, har mai kyau. Yakan ce hankali ba ya kama Allah, ƙauna ce ke kama Shi, ai Musa ma sai da ya shiga duhun girgije kafin ya gana da Shi.

Ranar da aka ba ni jagorancin addu'a, sai na ce mu yi shiru na minti goma. Ba mu kai uku ba injiniya ya tafa hannu ya ce khalas, ya isa haka, nan ba ɗakin bori ba ne. Na ce gadon ubana ne. Ya ce to ubana tsafi ya bar mini. Na ɗauki takalmina, ban sake komawa ba.

Da korona ta rufe gari, ashe injiniya ya shiga karatun tauhidi ta intanet. Bayan an buɗe, wani direba abokina ya matsa mini in je falon in ji wa'azinsa da kunnena. Na je. Ga shi tsaye yana jero sunayen Latin, yana maganar girgijen Musa, mutane suna ta rubutawa. A nan na gane cewa a wurin wasu, gaskiya ba ta da daraja sai ta sa kwat.

Na tare shi a bakin matakala. Ya miƙo hannu, ban karɓa ba.

Na ce, “Yallaɓai, da mai gadi ya faɗa, tsafi ne, da ka gani a rubutun Bature, ya zama ilimi. Ubana shekara arba'in yana wannan shirun. Kai awa guda ka yi kana surutu a kansa, ko minti ɗaya ba ka yi shi ba.”