Masinjan da ke Zancen Kotu a Zaman Makoki

Kowace safiya Malam Ɗahiru, masinjan wata kotu a Haɗeja, yakan zauna a benci yana duban ƙafafun masu shigowa. Masu busasshiyar laka yake nema, mutanen Guri da Baturiya, don su ne kullum ke makara. Kotu ta ba su wa'adin ɗaukaka ƙara, su kuwa ba sa zuwa sai ruwa ya ja, sai an yanke shinkafa.

Wannan watan yake ajiye aiki, amma har yau zancen wata mata, Yakaka, na cin ransa. Mijinta ya sha kaye a shari'ar fadama, ba a jima ba ya rasu. Ta shiga takaba, kuma ba wanda ya ga dacewar yi mata zancen gona tana cikin hawaye. Da ta fita ta zo kotu, wa'adi ya wuce tuni.

Ta ce, "Malam, shi ke nan gonar marayu ta tafi?"

Ya ce, "Tukuna, baiwar Allah. Ana roƙon alƙali ƙarin lokaci, in an faɗi abin da ya tsare mutum."

Kai ne, Malam Ɗahiru, ka haɗa ta da lauyan da ke taimakon marasa hali. Kai ne ka shiga kwalekwale ka ɗauko limamin ƙauyensu ya yi mata shaida. Alƙali ya saurara, ya ce uzurin bai isa ba, tunda marigayin yana da ƙanne maza da za su iya zuwa. Su kuwa ƙannen ba su ma san akwai wa'adi ba. Yanzu Yakaka shiƙar shinkafa take yi a gonakin mutane.

Tun daga ranar, duk mai shari'ar da ya rasu, Malam Ɗahiru sai ya je ta'aziyya. Ana shafa fatiha zai ja babba a gidan gefe ya ce, "Ku yi haƙuri da ni, kotu ba ta jiran sadakar arba'in." An kira shi marar kunya, an taɓa naɗe tabarmar da yake kai. Fadamu nawa ya tsirar, shi ma bai sani ba.

Mun gode, Malam Ɗahiru, Allah ya saka. Ku da ke shiga kotu kullum, wani ya daure ya karɓi wannan rashin kunyar. Daga wata mai zuwa ba mai zuwa makokin.